Waya Biyu Zuwa Ɗakin Surukina

Shekarun farko bayan sojoji sun koma bariki, lokacin da fastocin 'yan siyasa suka rufe duk wani bango daga Gyadi-Gyadi har Unguwa Uku, ni nake riƙe da shagon intanet na surukina. Shagon a jikin gidansa yake, ƙofarsa na kallon titi. Ni kuwa ina haya a Tarauni da 'yarsa, ban daɗe da aurenta ba. Kullum da safe zan goyo ta a babur, in sauke ta a ƙofar gida ta shige ciki, inda take buga wa ɗalibai takardunsu a wata tsohuwar kwamfuta, ni kuma in buɗe shago in hau sharar ƙasa.

Baba, haka nake kiransa, ya ƙare ƙuruciyarsa a ma'aikatar tarho ta gwamnati. Ya hau turakun waya har gwiwarsa ta gaji, daga baya aka zaunar da shi a ɗakin injuna. Da wayar hannu ta shigo gari, kowa ya koma yawo da abarsa a aljihu, sai ya ajiye aiki ya zuba abin da ya samu a wannan shago. 'Ya'yansa maza ba su so ba. Babbansu, wanda nake kira Yaya, so yake a kwashe kwamfutocin a cika wurin da wayoyin hannu da katin kira. Ranar da aka yi maganar ina tsugune a soro, kaina a ƙasa, Baba ya ce da su, "Malam zai riƙe shagon nan, kuma ba zai ba ni kunya ba." Daga ranar na san idan shagon ya faɗi ba ni kaɗai zan faɗi ba, maganar dattijo ce za ta faɗi a gaban 'ya'yansa, kuma Yaya yana tsaye yana jira.

Ga yadda wurin yake. Dish ɗin da ke jawo mana intanet yana kan rufin bene. Daga nan waya ta sauka cikin turakar Baba, inda babbar kwamfuta take, tare da wani akwatin ƙarfe mai ramuka a jere da 'yan fitilu, wanda muke kira suwic. Shi ke raba saƙo ga kowace kwamfuta. A shago akwai ɗan'uwansa, duk kwamfutocin kwastomomi a jikinsa suke. Tsakanin na sama da na ƙasa waya ɗaya ce tal, ta fito ta tagar Baba, ta bi bango, ta ratsa sito inda ake ajiye buhunan gero, sannan ta ɓullo a bayan kujerata.

Wannan sito shi ya jawo komai. Wata ranar Litinin, shago cike maƙil, ɓera ya ci wayar. Kafin in gano inda ya gatsa rana ta yi tsaka, mutane sun watse suna tsaki. Yaya ya leƙo, hannu a aljihu, ya ce, "Injiniya, yau ma hutu ake?" Na ce masa ɓera ne. Ya ce, "To ai shi katin kira ɓera ba ya kashe masa kasuwa." Wallahi da ba yayan matata ba ne da ya ji abin da ke bakina. Ga shi kuma lokacin rajistar jarrabawa ya ƙarato, lokacin da duk ɗaliban unguwa da iyayensu za su yi layi har bakin titi. Idan irin wannan ta faru a makon, shi ke nan.

Sai na yanke shawarar ja waya ta biyu ta wata hanyar daban, ta saman katanga, in haɗe ta da ta farko su zama hanya guda. Idan duk suna raye su raba kaya, idan ɗaya ta mutu ɗayar ta riƙe. Amma ba a cusa waya biyu haka kawai. Sai an shiga cikin kowane suwic an gaya masa cewa ramuka biyun nan hanya ɗaya ce, kuma abin da aka gaya wa na ƙasa shi za a gaya wa na sama. Idan ɗaya ya sani ɗaya bai sani ba, saƙo zai hau ta wannan waya ya sauko ta waccan ya sake hawa, ya yi ta kewaye yana ƙaruwa har komai ya shaƙe. Na san wannan sarai. Na yi shi a makaranta, na yi shi a shagon abokina.

Matsalar ita ce na sama yana ɗakin surukina. Ni ban taɓa taka matakalar benen nan ba, ban ma san kalar labulen ɗakin ba. A gidanmu haka muka tashi, a gidansu ma haka. Suruki ba ya cin abinci a gabanka, ba ka ci a gabansa. Idan muka haɗu a soro zan cire takalmi in tsuguna, idona a kan tabarma, shi kuma ya kawar da kai gefe ya amsa. Ba ya kiran sunana, ba na ɗaga murya inda zai ji. Akwai hanyar da zan shiga suwic ɗinsa daga kujerata ba tare da na hau ba, amma sai da fasuwod, wato kalmar sirri, kuma shi ya saka abinsa da hannunsa. Tun farko ya aiko mini cewa a aikinsu mai karɓar layi ba ya taɓa injin ofis. To wa ya isa ya aika wa surukinsa cewa ya ba shi fasuwod? Rubuta masa umarni a takarda kuwa, wannan ai rashin kunya ce da sa hannu a ƙasa.

Saboda haka maiɗakina ta zama 'yar aike. Na zaunar da ita na bi da ita dalla-dalla, rami na farko da na biyu, a haɗe su rukuni ɗaya, a adana kafin a fita. Ta maimaita mini ba kuskure, don kanta ya fi nawa riƙe abu. Ta hau. Can ta sauko ta ce, "Baba ya ce an yi."

Na yi bismilla na cusa waya ta biyu. Kai! Fitilun suwic ɗina suka kama ƙiftawa gaba ɗaya kamar an zuba musu barkono. Wani ɗan siyasa da ke aika hoton fastarsa ya ɗago ya ce, "Injiniya, ta tsaya fa." Na kusa da shi ya ce tasa ma. Kafin in miƙe duk shagon ya ɗau hayaniya. Na fizge wayar, komai ya dawo daidai kamar ba a yi ba. Na tsaya riƙe da ita ina kallonta.

Na san wannan alamar. Ita ce alamar gefe ɗaya bai sani ba. Amma Baba ya ce an yi. Mutumin da ya shekara da shekaru yana haɗa layin manyan ofisoshi, shi zai kasa haɗa rami biyu? Sai na ce lallai laifin daga gare ni yake. Na yanke kawunan wayar na sake ɗaura sababbi. Na gwada, haka. Na sauya wayar dungurungum, na sake hawa katanga rana na dukan ƙeyata. Haka. Na goge duk abin da na saka a suwic ɗina na sake daga farko, ina karantawa da ƙarfi kamar mai bitar hadda. Na aika maiɗakina ta tambayi Baba, cikin ladabi, ko ramukan da ya haɗe su ne wayoyin ke ciki. Ta dawo ta ce, "Baba ya ce gefensa lafiya lau, ka duba naka."

Na duba nawa har na fara shakkar idona. Na fara ƙirga ramukan da yatsa daga dama, in sake daga hagu. Wani dattijo da ke zuwa duba saƙon ɗansa na ƙasar waje ya ba ni shawara in yi hayaƙin habbatussauda a bayan injin, ya ce wani lokacin ba waya ba ce. Na yi dariya a gabansa, amma ba zan ɓoye ba, da ya fita sai da na tofa addu'a a kan akwatin.

Da abin ya ishe ni na ɗaure suwic ɗina a bayan babur na nufi Hotoro, wajen abokin da muka yi karatu tare. Yana da irin na Baba. Muka ajiye su kan tebur ɗaya, na saita wannan na saita wancan, muka cusa waya biyu. Fitilu biyu suka kama, natsattsu, ba hauka ba komai. Muka zare ɗaya, layi bai ko girgiza ba. Abokina ya ce, "To me kake nema? Ai ga shi."

Na ce, "A can ba ya yi."

Ya ce, "Ka ga ɗaya gefen da idonka?"

Na ce, "Ɗakin surukina ne."

Ya ce, "Tabɗi. Allah ya ba ka haƙuri."

Na dawo da ruɗanin da ya fi wanda na tafi da shi. Idan injina lafiyarsa ƙalau, wayata lafiyarta ƙalau, to saura ɗaya ke nan, kuma wannan ɗayan bakina ba zai iya furta shi ba. Sai zuciyata ta fara saƙa mini wasu abubuwan. Ko Baba gwada ni yake? Ko ya yi nadamar ba ni shagon, yana son in gaji in ajiye da kaina? Na tuna kwanan baya na gaishe shi a soro ya ce, "Wane ne?" sai da na sake magana ya ce, "Au, Malam ne." Na tuna ya daina tsayawa a ƙofar shago yana leƙen kwamfutoci kamar da. Ya daina tuƙa motarsa, wai 'yan acaɓa sun lalata titi. Jaridar da nake ajiye masa ma sai in ga an kunna gawayi da ita. Na haɗa wannan da wancan na ce shi ke nan, dattijon nan fushi yake da ni, kuma ban san abin da na yi ba. Abin ya ci mini rai ƙwarai, don ina ƙaunar mutumin.

Yaya kuwa ya samu abin yi. Duk sanda ya ji shago ya ɗau hayaniya ya san na sake gwaji, sai ga shi a bakin ƙofa. "Injiniya, waya ɗaya ta gagare ka, ka ƙaro ta biyu?" Har ya kawo kafinta ya auna bangon shagon, wai yana duba inda kantar wayoyinsa za ta zauna, in an yi sa'a. A gabana, da tef ɗinsa! Na bi kafintan da ido har ya ji kunya ya naɗe abinsa.

Ranar Alhamis ɗin da ta rage kafin a buɗe rajista, na aika maiɗakina karo na ban san nawa ba. Ta daɗe a sama. Ta sauko ba ta kalle ni ba ta ce, "Ya ce an yi." Na cusa, shago ya mutu, na zare. Na danne abin a raina har muka tashi. Da muka isa gida bayan la'asar, ko mayafi ba ta cire ba na fashe.

Na ce, "Ke, ki gaya mini gaskiya. Abin da nake faɗa miki shi kike kaiwa, ko kuwa gaisuwa kike zuwa yi ki dawo?"

Ta ce, "Shi nake kaiwa."

"To me yake dannawa? Kina tsaye ai. Me kike gani a sikirin ɗin?"

Ta kawar da kai.

Na ce, "Haba! Mako nawa ina hawa katanga kamar ƙadangare, Yaya yana auna mini bango, ke kuma kullum an yi, an yi. Me aka yi? Idan Baba ba ya so na a shagon nan, a faɗa mini in kama gabana, ba sai an mayar da ni mahaukaci ba."

Ta zauna a bakin gado. Na zaci faɗa za ta mayar, don ita ma ba kanwar lasa ba ce. Sai kawai na ga hawaye. Ta ce, "Baba ba ya ganin rubutun."

Na ce, "Wane rubutun?"

Ta ce, "Kowanne. Tun bara idon ke tafiya. Yanzu haske yake gani da duhu, da inuwar mutum. Idan na hau na faɗa masa saƙonka, sai ya juya kujera ya fuskanci kwamfutar, ya danna nan ya danna can, ya ce in ce maka an yi. Jiya sikirin ɗin a kashe yake ma, bai sani ba. Ni kuma in ce masa me? In ce Baba a kashe yake?"

Na zauna a ƙasa inda nake tsaye. Ta ce ita da mahaifiyarta kaɗai suka sani, su ma bai taɓa faɗa musu da bakinsa ba. Ta ce ranar da Yaya ya gane, zai karɓi makullin mota da na shago da na ɗakin injin, ba don mugunta ba, don tausayi, ya zaunar da shi a tabarma da rediyo. "Wannan ɗakin shi ya rage masa," in ji ta. "Kullum da safe sai ya goge injinan da tsumma, yana lalube."

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, kullum ina gaban mutumin nan amma ban gani ba. Ta yaya zan gani? Ni ba na kallon fuskarsa, shi kuma da ma ba ya kallon tawa. Duk kawar da kan da yake yi na ɗauka kunya ce, daga baya na ɗauka fushi ne. Wataƙila a unguwar kaf babu wanda ya fi ni sauƙin ɓoye wa wannan abu.

Sanin bai warware mini komai ba, sai ma ƙara dagula ni da ya yi. In hau benen? Hawana kaɗai ya gaya masa na sani. In bar maganar waya biyu, in koma ɗaya, in yi ta addu'a ɓera ya ƙoshi da gero? Idan ta mutu a makon rajista maganarsa ta faɗi. In sa maiɗakina ta yi a ɓoye idan ya fita masallaci? Ba ta san fasuwod ɗin ba, kuma ko ta sani, shiga injin mutum a bayan idonsa sata ce. Na juya ta nan na juya ta can, ban samu bakin zaren ba. Na ba ta haƙuri kan ihun da na yi, ta ce ba komai, amma ranar tuwon ma gishiri bai ji ba.

Washegari Juma'a ce, ba ma buɗe wa kwastomomi sai an sauko daga masallaci. Ina zaune a shago da hantsi ina kallon wayar nan ta biyu a rataye, sai ga maiɗakina ta shigo ta ƙofar baya riƙe da wani kan tarho rawaya, duk ya goge, da 'yan ƙugiyoyi biyu a bakin igiyarsa. Irin wanda masu hawa turaku suke ratayawa a ƙugu. Ta ce, "Baba ya ce ka maƙala wannan a tsohuwar wayar tarhon da ke bayan kanta." Na ce, "Kin gaya masa ne?" Ta ce, "Ni dai an aiko ni," ta juya. Har yau ban san ko ta faɗa masa ba. Na sha tambayarta, amsar ba ta taɓa sauyawa ba.

Na lalubo wayar a bayan kanta, ƙura ta rufe ta, na maƙala. Na kai abin kunnena. Shiru, sai ɗan shuu. Can na ji an yi gyaran murya.

"Shago, kana jina?"

Ban san lokacin da na zame daga kujera na tsuguna ba, ni kaɗai a ɗaki. Na ce, "Ina ji, Baba. Barka da hantsi, Baba. An tashi lafiya?"

Ya ce, "A kan layi ba a doguwar gaisuwa. Ka ce kana ji, ka faɗi abin da ke gabanka."

Muryar ba wadda na sani a soro ba ce. Wannan a tsaye take, mai kaifi, ta mutumin da ya saba magana da wanda ke kan turke a wani gari. Ya ce, "Yau yatsuna suna mini ciwo, yarinyar nan za ta danna. Ka karanto mini abin da ka saka a naka, layi-layi, in gwada da nawa."

Na ce to. Na koma kujera na buɗe suwic ɗina. Na karanta layin farko. Sai na ji ya juya ya maimaita shi da ƙarfi, kalma bayan kalma, da muryar mai ba da umarni, na kuma ji ƙarar kibod a bayansa. Na karanta na biyu, ya maimaita, ta danna. Wani wurin ya ce in sake, wani wurin ya ce, "Haka ne, haka nawa ma ya kamata ya zama." Da muka zo kan ramuka ya ce da ita, "Duba mini, wayoyin suna ina?" Na ji ta ce ɗaya tana na farko, ɗaya tana can na ƙarshe. Ashe da lalube ya cusa ta. Na rasa ko in yi magana ko in yi kamar layin ya katse. Sai ya ce, "Wa ya mayar da ita can? Dawo da ita na biyu." Na ce, "Wataƙila wajen shara ne, Baba." Ya ce, "Wataƙila."

Da muka gama ya ce a adana, aka adana. Ya ce, "Shago, cusa taka."

Na cusa. Na runtse ido ina jiran haukar fitilu. Da na buɗe, biyu ne kawai suka ƙaru, kore, suna ƙiftawa a hankali. Na buɗe shafi a kwamfutar kusa da ni, ya buɗe. Na buɗe a ta gaba, ya buɗe. Na ce, "Baba, ta kama! Wallahi ta kama!" Na manta da wa nake magana, ihu na yi sosai.

Ya ce, "Ba a murna sai an gwada. Zare tsohuwar."

Na zare. Shafin ya ci gaba da sauka. Ya ce in mayar in zare sabuwar, na yi, bai tsaya ba. Ta cikin tarhon na ji ya tambayi 'yarsa ƙasa-ƙasa, ba da muryar aiki ba, "Nan ma duka biyun suna ci?" Ta ce, "Suna ci, Baba." Ya ce, "Wace kala?" Ta ce, "Kore." Na ci gaba da riƙe abin a kunne kamar ban ji ba. Sannan ya ce, "Shago, an gama. Sauka daga layi."

Ban gama naɗe igiyar ba sai ga Yaya, cikin babbar rigarsa ta Juma'a, turare na tashi. Ya ji labari a cikin gida. Ya kalli fitilun, ya kalle ni, ya yi murmushin nan nasa. Ya ce, "Ka gani ko, Injiniya? Duk takardunka, sai da tsoho ya sa hannu. Mako da makonni kana dambe, shi kafin a kira salla ya gama."

Na so in mayar masa da magana. Ni da ba na barin ta kwana, ni da aka sani tun ina yaro ba a taka ni in yi shiru. Kalma kaɗan ce za ta wanke ni tas, kuma gaskiya ce. Na kalli tarhon rawaya a hannuna. Na ce, "Haka ne, Yaya. Baba ne ya gyara. Kuskuren daga gefena yake."

Ya ce, "To ka riƙa tambaya." Ya fita yana gyara hula. Raina ya ɓaci, ba zan ce bai ɓaci ba, har yau idan na tuna murmushin sai na ji zafinsa. Amma bai sake kawo kafinta ba.

Na kulle shago na zagaya soro don in ɗauki babur in tafi masallaci. Sai na ji takun Baba yana saukowa, a hankali, hannunsa na shafar bango. Na cire takalmi na tsuguna kamar kullum. Su Yaya sun riga sun yi gaba a mota. Ya shigo soron ya tsaya. Na gaishe shi, ya amsa. Na jira ya wuce, bai wuce ba.

Ya ce, "Malam, a ƙafa zan tafi yau. Akwai kwata a bakin ƙofar nan, ko?"

Na ce, "Akwai, Baba."

Ya miƙo hannunsa. Ba inda nake ya miƙo ba, ya kauce ni kaɗan, wajen da babur yake jingine. Hannun ya tsaya a iska yana jira. A lokacin na ɗaga kai na kalli fuskar surukina, karo na farko tun da na auri 'yarsa. Idanunsa a buɗe suke, suna kallon bango. Na rasa ko daidai ne in taɓa shi, babu wanda ya taɓa koya mini yadda ake yin wannan. Na taso na matsa inda hannun yake, na sa nawa a ƙarƙashinsa. Ya damƙe da ƙarfi.

Ya ce, "Idan mun zo wajen ka faɗa mini a hankali, kada mutane su ji."

Na ce, "To, Baba." Muka fita, na bar takalmana a soro.